Layi na Bakwai

Iloilo, 14 ga Janairu

Zuwa ga yayata, Manang Luding,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta gajiya da ƙorafi. Ya sanyin Amurka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Kwalin Kirsimeti ya iso, sabulai da cakulan da takalmin da kika sayo min lamba takwas, alhali tun muna 'yan mata kin san biyar nake sawa. Na ba 'yata Rhea, ya yi mata daidai. Ɗinkina ya warke. Sati shida ke nan da tiyatar, har na koma rumfata a kasuwa, sai dai ba na ɗaga buhun busasshen kifi da kaina.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa da rubutun hannu. Wayar nan Rhea ce ta saita min ita, ita ke buɗe min saƙonni in sun cakuɗe, maganar nan kuwa ba ta waya ba ce. In za ki amsa, ki rubuta sunan Nang Pilar mai gishiri a bayan ambulan, rumfarta na jikin tawa.

Ranar Talata wani saurayi ya tsaya sayen kifi. Fararen kaya ne a jikinsa irin na 'yan makarantar likitancin su Rhea, da tabarau, fuskarsa duk ƙuraje. Ina auna masa yana ta kallona yana murmushi, har na fara tunanin ko wani abu ne ya maƙale min a haƙori.

Ya ce, kamar mai kiran uwarsa, "Nanay, ba ki gane ni ba ko?"

Na ce, "Ɗan wa ne kai?"

Ya ce, "Ai ba za ki gane ni ba ma, barci kike. Ina cikin waɗanda suka duba ki a ɗakin tiyata, mu biyar. Naki ne ƙari na farko da na taɓa ji da hannuna, Nay. Doktora ta ce mu lura da yadda yake zamewa in an taɓa shi. Na gode ƙwarai da kika yarda."

Manang, na rantse miki ban san lokacin da na ƙulle masa kifin ba. Ya biya, ya ce in gaishe masa da Rhea, ya tafi abinsa yana fara'a kamar ya yi min kyauta.

Na yarda da me? Yaushe? Ƙarin nan a cikin marata yake, a gefen mahaifa. Ta ina yaron nan ya ji shi da hannunsa? Ke kin san ni. Tun ranar farko na gaya wa Rhea, na gaya wa nas, na gaya wa Doktora da bakina: mace nake so, ba na son namiji ya zo kusa da ni. Doktora ta yi dariya ta ce, "Ni ce zan yi miki, Nanay, kwantar da hankalinki." Shekara tara da rasuwar mijina Tiago, shi kansa bai taɓa ganina a tuɓe da fitila a kunne ba, sai yanzu a ce min mutum biyar?

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Da na farfaɗo, yankan a cikina yake amma ƙasana ma yana min zafi. Na tambayi nas a kunne, ta ce robar fitsari ce. Na yarda, don ban san komai ba. Yanzu ban san me zan yarda da shi ba.

Ke nas ce, shekararki nawa a ɗakin tiyata. Ki gaya min gaskiya, kada ki yi min maganar likitoci mai zagaye-zagaye. Me ake yi wa mace in an sa ta barci?

Ki sha maganin gwiwarki, ki daina taurin kai.

Ƙanwarki,
Salve

*

Baltimore, 2 ga Fabrairu

Inday Salve, ƙanwata,

Na samu wasiƙarki, na gode Allah da ɗinkin ya warke. Ni lafiyata ƙalau, gwiwa ce dai, kuma ba taurin kai ba ne, tsayuwar awa goma sha biyu ce. Ƙanƙara ta zuba har ta rufe min mota. Batun takalmi, ke ma kin san ƙafarki ta buɗe tun haihuwar Rhea, ki daina yaudarar kanki da biyar.

Kin ce kada in yi miki zagaye, to ba zan yi ba. Zauna ki karanta.

In za a cire ƙari irin naki, bayan an sa mace barci, likita kan sa safar hannu ta shigar da yatsu biyu ta ƙasa, ɗaya hannun a kan mara, ta ji inda ƙarin yake da girmansa. Jikin mai barci a sake yake, an fi ji sosai. Wannan yana cikin aikin, ba laifi a ciki, Doktora na bukatarsa kafin ta ɗauki wuƙa. Abin da ba ya cikin aikin shi ne ɗalibai su biyo bayanta ɗaya bayan ɗaya su yi irin abin da ta yi. Wannan ba don lafiyarki ba ne, don karatunsu ne. Abin da yaron nan yake nufi ke nan, Inday. Na so a ce akwai wata fassarar da zan ba ki, babu.

Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye miki ba.

A jihar nan tamu an yi doka a kan abin nan 'yan shekarun baya, bayan mata sun yi ta kai ƙara. Yanzu ba a yarda ɗalibi ya yi wa mai barci irin wannan dubawa ba sai an tambaye ta tun idonta biyu, ta amince. A asibitinmu takarda daban ce, ni da kaina nake kai wa mata. In karanta, in tsaya, in ce, "Kin gane? Kina iya cewa a'a, ba abin da zai canja a tiyatarki." Wasu su ce a'a, da yawa su ce to. Abin da dokar gida ta ce kuwa ban sani ba, shekara ashirin da shida rabona da aiki a can, kada in yi miki ƙarya.

Yaron ya ce kin yarda. Ba na jin daga kansa ya ƙirƙiro, wani abu aka gaya masa. Don haka tambayar ita ce, me kika sa wa hannu? Ki je ofishin ajiye takardun majinyata, galibi yana ƙasan bene. Ki tafi da katinki, ki ce kina son kwafin takardar amincewar da kika sa wa hannu kafin tiyata. Haƙƙinki ne. Za su ce ki dawo gobe, ki zauna a bencin ki ƙi tashi, ai kin iya. In kin karɓa, ki bi ta layi-layi da yatsa. Turancinki na aji shida ya isa, ke da kike karanta farashin kaya daga nesa.

Abu ɗaya kuma. Kada ki gaya wa Rhea komai tukuna.

Zan tsaya nan, lokacin aiki ya yi. Ki gaishe min da Nang Pilar, ki ce kada ta buɗe min wasiƙa, na san halinta.

Yayarki,
Luding

*

Iloilo, 25 ga Fabrairu

Manang,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Zafi ya fara, kifi na bushewa da kyau, ciniki ba laifi.

Na je. Sau biyu suka ce in dawo, a na uku na tafi da abincina a leda na zauna tun safe, da rana ta take suka gaji da ganina suka ba ni. Shafi ɗaya ce, duk Turanci, ga sa hannuna a ƙasa, ga na Rhea a matsayin shaida. A kan bencin nan na fara bi da yatsa kamar yadda kika ce. Layi na bakwai ya ce na amince ƙananan likitoci da masu sanin makamar aiki da kilak su shiga cikin duba ni da kula da ni, ƙarƙashin idon babbar likita.

Kilak. Ke ma kin san kilak, akawu, irin kawunmu Tiyo Berting da ya ƙare rayuwarsa yana buga hatimi a ofishin ƙaramar hukuma. Sai na koma tagar na tambayi mutumin da ya ba ni takardar, wani mai sanƙo da biro a kunne. Na ce, "Toto, ƙanena, ku ne kilak ɗin da aka rubuta a nan? Me ya kai masu rubutu ɗakin tiyata?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Haba Nang, ni in na ga jini sai an yayyafa min ruwa. A asibiti kilak ba mu ba ne. Ɗaliban likitanci ne, 'yan shekara ta huɗu, masu fararen kayan nan da ke yawo a bene ba barci."

'Yan shekara ta huɗu, Manang.

Ban san yadda na hau motar haya ta jifni na iso gida ba. Rhea tana wurin aiki, amma tsohon katinta na wuya yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, inda yake kullum. Sau dubu na wuce shi, hoton kawai nake kallo ina jin daɗi. Ran nan na karanta. Ƙarƙashin sunanta, da manyan baƙaƙe, kalmar nan ce. Ni ina kasuwa ina cika baki, 'yata ta kusa zama Doktora, ashe ko sunan matsayinta ban sani ba.

Yanzu bari in gaya miki yadda aka yi ranar sa hannun, don tun ran nan nake juya shi a raina. Ina kan gado a sashen kyauta, mu ashirin a ɗaki. Rhea ta zo da takardar ta zauna a bakin gadon, tana karanta min tana mayarwa da yarenmu Ilonggo. Sauri take yi, na ɗauka aiki ke jiranta a ɓangaren yara. Da ta zo wurin nan, duk ta fassara sauran amma ta bar kilak yadda yake. Har na yi wasa, na ce, "Au, har masu rubutu sai sun shiga? To su rubuta sunana daidai, Salvacion ne, ba Salvador ba." Matar da ke gadon kusa ta yi dariya. Rhea ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Eh, Nay. Sa hannu a nan."

Ita kilak ce. Ta ji na ɗauki kalmar a karkace, ta ce eh.

Yaron nan kuma cewa ya yi in gaishe da Rhea. Wato da suka yi layi a kaina, sun san uwar wa ce.

Sai ke kuma. Na sake karanta wasiƙarki har ta fara yagewa a ninki. Kin yi min bayanin yatsu da safar hannu da doka, kowanne da dalilinsa. Da kika zo kan Rhea, layi ɗaya tak, ba dalili, sai ga lokacin aiki ya yi. Me ya sa kada in gaya mata? Me kika sani? Kowace Lahadi kuna kan waya ke da ita, kuna Turanci kuna dariya, in na shigo sai ta fita tsakar gida. Ta gaya miki ne tun kafin in rubuto? Ita kike karewa, ko lokaci kike saya mata ta shirya abin da za ta ce?

Ban gaya mata ba, na bi umarninki. Amma ki amsa min wannan.

Salve

*

Iloilo, 12 ga Afrilu

Manang Luding,

Ina fatan lafiya ce ta sa ki shiru, ko in ce ina fatan ba rashinta ba ne. Na san dai kina raye, don ranar Ista na ji muryarki a wayar Rhea.

Sati bakwai. Kullum sai na leƙa rumfar Nang Pilar, har ta fara min kallon mai jiran wasiƙar saurayi. Da wasiƙar farko kwana goma sha tara kika yi kika amsa. Da na tambaye ki me kika sani, sai biro ya ƙare a Amurka.

Gidan nan ya zama wani iri. Rhea na dawowa a gajiye, in zuba mata shinkafa, in zauna ina kallon hannuwanta tana ci. 'Yata ce, ni na yanke mata farce tana jaririya, amma yanzu ina kallon yatsun ina tambayar kaina ko ɗaliban nan su shida ne har da ita, ba biyar ba. Yesu, Maryama, Yusufu! Dubi abin da nake tunani a kan abin da na haifa. Ta lura. Shekaranjiya ta ce, "Nay, na yi miki wani abu ne?" Na ce ciwon kai ne. Ta taɓa goshina, na janye ban shirya ba.

Ranar komawata asibiti ta wuce tun watan jiya, ban je ba. Jini na ɗan ɗigo min jefi-jefi, ni da na daina al'ada shekara uku. Ban gaya mata ba. Wa zan gaya wa?

In kin zaɓi ɓangarenta, ki faɗa min kawai in san ni kaɗai ce.

Salve

*

Baltimore, 27 ga Afrilu

Inday,

Lafiyata ƙalau, kuma yau ba zan ɓata takarda a kan gwiwa ba. Kafin komai: jinin nan. Gobe, ba jibi ba, ki je asibiti. Ki yi fushi da ni, ki yi fushi da duniya, amma ki yi shi a kan layin ganin likita. Mace ta daina al'ada jini ya dawo, ba a zama a kansa. Kin ji ni ko, Salvacion?

Rhea ba ta gaya min komai ba, ni ma ban gaya mata ba. Na rantse da kabarin Nanay, uwarmu. Hirarmu ta Lahadi jarrabawa ce da gulmar malamanta, tana fita tsakar gida ne don a ɗakinku waya ba ta kamawa. Abin da nake nufi da layin nan shi ne: na zaci ba ta sani ba, na ji tsoron in ta ji za ta je ta yi wa manyanta rashin kunya su sa mata ido, saura mata 'yan watanni ta gama. Shi ke nan. Ban san ita ta karanta miki takardar ba sai a wasiƙarki. Laifina ne da ban ƙara layi ɗaya ba.

Shirun kuma ba na Rhea ba ne, nawa ne. Sau huɗu ina rubutawa ina yagawa.

Kin tuna kafin in taho na yi shekara shida a ɗakin tiyata a can gida. Inday, ni ce mai gyara ƙafafun matar in ta yi barci. Ni ke rufe mata fuska da zane, ni ke miƙa wa ɗalibai safar hannu. In sun yi yawa in ce, "Huɗu sun isa, Doktor, lokaci na tafiya." Lokaci nake tausayi, ba matar ba. Matan sashen kyauta ne kullum, ban taɓa ganin an yi layi a kan matar da ta biya ɗaki nata ita kaɗai ba. Muna cewa ai sun sa hannu. Muna cewa ai ba su biya ba, da wannan suke biya. Ban taɓa tambayar ko ɗaya ta san abin da ta sa wa hannu ba, ban kuma taɓa rasa barci a kai ba.

Na zo nan, doka ta zo, na zama mai kai takarda ina jin kaina mutuniyar kirki. Har na rubuto miki ina koya miki haƙƙinki. Da na karanta labarin kilak ɗinki, sai fuskokin da na rufe suka dawo min, kuma ba ko ɗaya da zan iya tunawa. In kina neman wadda za ki tsana, ga ni, na riga Rhea da shekara talatin.

Ba zan ce miki ba ta da laifi ba, ban sani ba. Ba na jin tana cikin ɗakin, ba a barin ɗa ya shiga tiyatar uwarsa. Sauran kuwa ita kaɗai za ta iya gaya miki. Na janye maganata. Ki ajiye takardar a gabanta ki tambaye ta, ki daina cin kanki kina kallon hannuwan yarinya.

Ki yafe min in za ki iya. In ba za ki iya ba, ki je asibitin dai.

Luding

*

Iloilo, 19 ga Mayu

Manang Luding,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta a tsaye a bayan rumfa. Ba zan ce komai a kan abin da kika faɗa game da kanki ba tukuna, ban gama tauna shi ba.

Na je asibitin, ki kwantar da hankalinki. Zan zo kan wannan.

Ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci, Rhea na zaune tana yanka albasa, na ɗauko takardar na shimfiɗa a kan tebur. Tana ganinta wuƙar ta tsaya.

Na ce, "Karanta min layi na bakwai. Da Ilonggo, a hankali. Kada ki bar min ko kalma ɗaya da Turanci."

Ta karanta. Da ta zo wurin ta tsaya, na ce ina jira. Ta ce, "Ɗalibai, Nay. Irina."

"Ran nan kin san haka?"

"Na sani."

"Kin ji na ce masu rubutu?"

"Na ji."

Wata uku ina roƙon Allah a ce ba ta ji ba, a ce hayaniyar ɗakin ce. Da kalma biyu ta gama da ni.

Na ce, "Kina ciki?"

Ta ce, "Haba Nay! A bakin ƙofa nake, riƙe da silifas ɗinki a leda." Sai maganar ta ɓalle mata, tana yi tana kuka. Ta ce ƙarin ya kai girman da Doktora ta ce kada a wuce wata ɗaya, kuma a sashen kyauta wadda ba ta sa hannu a takardar yadda take ba, sai ta ga ana ta ɗaga mata rana. Ta ce, "Na san ki, Nay. Da na ce miki ɗalibai, har da maza, da kin sauko daga gadon kin ɗauki jakarki kin koma kasuwa da abin a cikinki. Na zaɓi ki rayu." Ta ce da safen ta samu ƙaramin likitan da ke tsara ɗalibai ta roƙe shi a tsallake ni, uwarta ce. Ya ce mata, "Kowace mace a sashen nan uwar wani ce. Ke a kan wa kika koya?" Tana tsaye 'yan ajinta suka wuce ta suka shiga, wasu na sunkuyar da kai.

Na ce, "To, a kan wa kika koya? Su nawa?"

Ta ce, "Tara."

"Faɗa min sunayensu."

Can ta ce, "Akwai ta gado na huɗu. Akwai wata mai zanen fure a cinya." Ko suna ɗaya babu.

Manang, na ɗauka zan yi ihu, har maƙwabta su shigo. Ban yi ba. Wani abu na ji ya fito daga bakina wanda ni kaina ban san yana nan ba. Na ce, "Rhea, ni na haifi mai koyo. Kin ɗauka ban san sai an taɓa ake iyawa ba? Da kin zaunar da ni kin ce, Nay, 'yan ajinmu na bukatar su ji ƙari da hannunsu, da na zage ki, da na yi kwana guda ba na miki magana. Sannan in ce to, amma mata kawai, biyu, kuma su zo in ga fuskarsu tukuna su gaishe ni. Da na ba ki. Kyauta zan ba ki. Me ya sa kika ɗauka ina barci?"

Ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana cewa in yafe mata. Na shafa kanta, don 'yata ce, kuma na yarda tsoro ne ya sa ta. Na ce ta tashi ta ƙarasa albasarta. Mun ci abinci tare, na ma ƙara mata kifi.

Yanzu batun asibiti. Doktora ta duba ni idona biyu, ita kaɗai, na sa an ja labule. Ta ce mai yiwuwa ba komai ba ne, amma tana so ta kankaro ɗan abu daga mahaifa a gwada. Aikin minti ashirin ne, sai dai za a sake sa ni barci. Suka ba ni takarda in je gida in sa hannu in kawo. Wannan shafi biyu ce.

Jiya na fito da ita daga jaka. Rhea ta goge hannunta a riga ta miƙo, ta ce, "Kawo, Nay. Wannan karon kalma-kalma, na rantse." Na dubi hannun. Na so in ba ta, Allah ya sani na so. Na ce, "Bar shi, 'yata, kin gaji." Ta tsaya da hannun a miƙe, sannan ta mayar da shi a hankali. Ba ta yi gardama ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Takardar ce kika gani a ninke cikin ambulan ɗin nan. Ki rubuta min ma'anar kowane layi da Ilonggo a gefensa, ki ja layi a ƙarƙashin duk inda zan iya cewa a'a. Ke ma ba wai na gama da ke ba ne, amma ke da bakinki kika faɗi naki, ba sai da na shimfiɗa miki takarda a tebur ba. Na san za ki yi faɗa, ki ce kwana arba'in zuwa da dawowa, ga jini, ga mai karatun likita a ɗaki ɗaya da ni wadda za ta gama min a minti biyar. Na sani, Manang. Tana nan zaune taku uku daga inda nake rubutun nan. Zan jira taki.

Ƙanwarki,
Salve